Alƙalami Mai Igiya

Tun bara hulunan nan suke bina. Duk inda na juya a kamfaninmu sai na ga ɗaya, a kan mai gadi, a kan direba, a kan mai kawo mana ruwa, har a kan ƙusar da ke bayan ƙofar sito. Shuɗaye ne, da tambarinmu ɓaro-ɓaro a goshi, kuma ni na zaɓo su da hannuna don mu raba wa masana kimiyya kyauta a babban taronsu na shekara-shekara. Kwali goma muka kai. Tara da rabi muka dawo da su.

Kamfaninmu ƙarami ne. Kayan ɗakin gwaji muke sayarwa: kwalabe, safar hannu, da 'yan bututun roba masu murfi da ake zuba jini ko ruwa a ciki a ajiye a firiza. Shekara shida na yi a teburin bakin ƙofa ina amsa waya, ina cewa “Manaja yana cikin mitin” alhali ina jiyo minsharinsa ta bango, kafin aka ɗaga ni aka ba ni sashen talla. Sashen kuwa ni kaɗai ce, sai kujera mai juyawa da taga guda, amma ina son shi kamar raina.

Saura mako shida a yi taron bana Manaja ya kira ni ofis. Na tarar ya kifa ɗaya daga cikin hulunan a kansa, shi da ko a tsakar rana ba ya sa irinsu. Na gane saƙon tun kafin ya buɗe baki.

“Uwar talla, zauna,” ya ce. “Kin san ni ba na son maimaita magana.” Wannan mutumin da zai iya maimaita magana sau bakwai kafin shayinsa ya huce. “Bara kwana uku muka yi a rumfa muna kallon ƙeyar mutane. To bana in aka sake haka, ban ga amfanin ajiye mutum guda a kan talla ba. Tsohon teburinki yana nan. Wayar ma ta yi kewarki.”

“Yallaɓai, bana ba za a sake ba.”

“Allah ya sa. Ki nemo abin da mutanen nan za su yi layi a kansa.” Ya gyara zaman hular, don dai kada in manta.

Na fito zuciyata na tafasa, amma a ƙarƙashin fushin tsoro ne zalla. Na bi ta gaban teburin bakin ƙofa, wayar ta yi ƙara, na ƙara sauri na wuce.

Washegari Mai Kasida ya zo. Shi ne dillalin da yake kawo mana kayan kyauta, yana yawo da ƙatuwar kasida mai hotuna da wata jaka da ba ta da ƙarshe. Ya zazzage ta a kan teburina. Ga kofin shayi mai siffar kwalbar gwaji, ga maƙalin makulli da aka yi wa hoton ƙwayar cuta tana murmushi, ga wata ƙwallon roba mai kama da ƙwaƙwalwa wai ta matsawa in mutum ya gaji da tunani.

“Hajiya, wannan masana kimiyya mutuwa suke a kansa,” ya ce yana matsa ƙwaƙwalwar.

“Bara ma haka ka ce a kan hula.”

“Hula ai lokacinta ne bai zo ba.”

Na ce ya kwashe kayansa zan neme shi. Ya tafi ya bar mini ƙwaƙwalwar, na wuni ina matsa ta, ban ga wani tunani ya zo ba.

Ranar Asabar na je gida. Babana shekara talatin da biyu ya yi yana aiki a ɗakin gwaji na jami'a kafin ya yi ritaya. Ba malami ba ne, ba dakta ba. Shi ne mai wanke kwalabe, mai haɗa magunguna, mai sanin inda komai yake. Aikin ya bar shi amma halin bai bar shi ba. A gidanmu gwangwanin sukari ma yana da salatif a jiki da kwanan watan da aka buɗe shi. Mama ta ce ranar da ta yi barcin rana mai nauyi, ita ma da salatif a goshi za ta farka.

Na same shi a baranda yana gyara rediyo. Na zayyana masa komai, har da kwaikwayon muryar Manaja. Bai yi dariya ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

“Kin taɓa shiga ɗakin gwaji kin zauna?”

“Baba, kullum fa ina kai musu kaya.”

“Kina tsayawa a ƙofa ki miƙa takarda a sa hannu. Zama nake tambaya. Ki je ki wuni, ki samu kujera a lungu, ki kama bakinki. Kada ki tambaye su abin da suke so, ba su sani ba. Ki saurari abin da suke zagi a kansa.”

Na ɗauki rabin shawarar. Zuwa na je, amma kama baki ba ya cikin abin da na gada. Na buga takardar tambayoyi guda ashirin, na nufi ɗakin gwajin wata Farfesa da take sayen kaya a wurinmu, wadda take bincike a kan sauro. Mace ce doguwa mai murya kamar ta kwamandan sojoji, ɗalibanta da abokan aikinta duk tsoronta suke ji. Ta ba ni farar riga, ta nuna mini kujera kusa da firiza, ta ce in taɓa abu ɗaya ta sa a fitar da ni.

Na fara da wani dakta mai sanƙo da yake leƙen madubin ganin ƙwayoyin cuta.

“Dakta, tsakanin kofi da laima da maƙalin makulli, wanne ka fi so a ba ka kyauta?”

“Ya danganta.”

“Da me?”

“Da ko ana ruwa.”

Ta biyu ta karɓi takardar, ta karanta daga sama har ƙasa, ta ce tambaya ta huɗu tana jan mai amsa zuwa ga amsar da nake so, ta gyara mini da jan biro. Na uku ya tambaye ni mutum nawa na yi niyyar tambaya. Na ce ashirin. Ya girgiza kai cikin tausayi, kamar na gaya masa an yi mini rasuwa, ya ce da ashirin babu abin da zan iya cewa. Kafin azahar na tattara takarduna na cusa a jaka, na koma kujerar lungu, na yi abin da Baba ya ce tun farko.

Da na yi shiru sai na fara gani. Na ga duk wanda ya sa safar hannu yana rubutu a bayan hannunsa na hagu, lambobi da lokaci, saboda ba ya son taɓa littafi da hannun da ya taɓa jini. Na ga kowane ɗan bututu, ko da bai kai yatsa ba, sai an rubuta masa lamba da kwanan wata a jiki. Na ga kuma duk ɗakin nan, mai mutum goma sha ɗaya da na'urori masu tsadar gaske, alƙalami ɗaya tak suke rububi a kansa, irin mai tawadar nan da ake rubutu da shi a jikin roba da gilashi. An ɗaure shi da zare a hannun firiza kamar akuyar da ta saba shiga gonar mutane.

“Wa ya kwance alƙalamin?” Dakta mai sanƙo ne ya yi ihu, don zaren ne kawai yake lilo.

“Ba ni ba ce!” in ji wata ɗaliba.

“A aljihunki na gan shi ɗazu.”

“Wancan nawa ne, da kuɗina na saya, kuma ba ya rubutu a kan abu mai sanyi!”

Ana cikin wannan sai wadda ta gyara mini takarda ta buɗe firiza ta ciro wani akwatin bututu. Ta goge raɓar da ke jikinsu da auduga mai sifirit, kamar yadda suke goge komai. Sai ta tsaya cak. Rubutun da ke jikin bututun ya bi audugar, ya zama wani baƙin dabbare. Ta ɗauki na biyu, wannan tun a cikin sanyin rubutun ya ɓare. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta riƙe akwatin a cinya.

“Wata uku,” ta ce. “Wata uku ina bin ƙauyuka ina kama sauro. Yanzu ban san na wane gari ne wanne ba.”

Abin da ta faɗa a kan wanda ya ƙera alƙalamin nan ba zan iya maimaita shi a rubuce ba. Na tausaya mata har cikin raina, wallahi na tausaya. Amma ba zan ɓoye ba, wani sashe na zuciyata rawa yake yi, don na ji zagin da aka aiko ni in saurara.

Farfesa ta zo ta tsaya a kanmu, ta kama zaren da ke lilo tana dubawa. “A inda na koyi aiki,” ta ce, “akwai mutumin da in ya ɗaure alƙalami, sai dai ka yanke igiyar. Shekara ashirin ina gwada ƙullin nan, ya gagare ni.” Ban kawo komai a raina ba, hankalina yana kan wayar da zan buga wa Mai Kasida.

Ya kawo mini alƙalami iri biyar, kowanne da rantsuwar cewa ba ya gogewa. Na kai wa Baba don ya zaɓa mini mai kyau. Ashe na kai wa Mama fitina. Baba ya naɗe kowane alƙalami da salatif ya rufe sunan kamfaninsa, ya ba su lamba ɗaya zuwa biyar, wai don kada ido ya yaudare mu. Ya kwashe kayan da ke cikin firizar Mama ya jera bututu. Ya tafasa ruwa a tukunyarta ta shayi ya tsoma wasu. Ya aike ni kemis na sayo sifirit da auduga.

“Malam, naman nan fa zai lalace,” in ji Mama daga ƙofar kicin.

“Awa biyu kawai.”

“Haka ka ce ranar da ka sa mini ƙwai a tanda kana auna zafi. Shekara talatin ina haƙuri da jami'a, yanzu ta biyo ni har kicin.”

Kwana uku ana wannan. Mai lamba ɗaya, wanda ya fi duka kyau, mai ruwan zinariya a murfi, shafa ɗaya sifirit ya yi masa ya tafi. Na biyu da na biyar sanyi ya kashe su. Na huɗu ya yi ƙoƙari amma bakinsa ya yi kauri, ba ya rubutu a kan ƙaramin murfi. Wanda ya rage shi ne na uku, siriri, toka-toka, mummuna, irin wanda in ka gan shi a ƙasa ba za ka sunkuya ba. Baba ya yanko salatif ya manna masa, ya rubuta kwanan wata, ƙarƙashinsa ya rubuta: An gwada, ya yi.

“Sai igiya,” ya ce. “Alƙalami marar igiya na maƙwabci ne. Ki ce su yi masa ƙaramin zobe a gindi, ɗaurin ki bar mini. Kuma a bar farin fili a jikinsa inda mutum zai rubuta sunansa.”

Ranar da na kai wa Manaja samfurin, ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi sama yana neman tambarinmu, sai da na nuna masa da farce.

“Uwar talla, alƙalami? Duk duniyar nan kowa alƙalami yake rabawa. Kuma wannan farin wurin na mene ne?”

“Na suna ne, Yallaɓai. Mai shi zai rubuta sunansa.”

“Mu mu yi abu, su su sa suna? Namu kuma sai an sa madubin nan nasu kafin a gan shi?”

“Yallaɓai, abin da mutum ya sa wa sunansa ba ya mantawa da shi a ɗakin otal. Hular nan tambarinmu ya cika ta, ga ta nan a kanka.”

Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Can ya ce, “To. Kujerarki ce, ke kika san yadda za ki yi da ita.”

Alƙalami ɗari shida aka kawo. Mako guda muka yi a barandar gida da la'asar, ni da Baba da Mama, muna ɗaura igiya. A gaskiya Baba ne yake ɗaurawa, don duk wanda ni da Mama muka ɗaura sai ya kwance ya sake. Ƙullinsa wani iri ne: in ka ja da ƙarfi ƙara cijewa yake, amma in ka danna wani wuri da babban yatsa sai ya saki salin-alin. Ya nuna mini ya fi sau goma, hannuna ya ƙi ɗauka.

A rana ta ƙarshe na tambaye shi yadda taron yake a zamaninsu. Ya ci gaba da ƙulli bai ɗago ba.

“Ban taɓa zuwa ba. Mu muke shirya musu kayan, mu ɗora a mota, su tafi, mu koma wanke kwalba.”

Ya faɗe shi ba tare da wani ɗaci ba, amma ni abin ya soke ni. Da safe na je na karɓo katin wuya na ma'aikatan rumfa guda uku maimakon biyu. Manaja ya tambaya na ukun na waye, na ce na mai ba mu shawara ne a kan fasaha.

Ranar taro Baba ya sha guga, ya rataya katinsa, ya riƙo wata tsohuwar jakar hannu da ya ƙi gaya mini abin da ke ciki. Zauren ƙato ne, fankoki na juyawa, rumfuna sun yi layi biyu. Na hagunmu jakunkunan goyo suke rabawa. Na damanmu laima, ga kuma alewa a kwano. Mu kuwa ga alƙaluma toka-toka a jere da igiyoyinsu kamar ɓerayen da aka shanya, ga allon da na rubuta: Ba ya gogewa da sifirit, ba ya ɓarewa a ƙanƙara. Ƙarƙashin tebur kuma kwali biyu na hulunan bara, Manaja ya dage sai an zo da su ko Allah zai sa.

Ƙarfe tara, ƙarfe goma, sha ɗaya. Mutane suna zuwa su karɓi jaka a hagu, su tsallake mu, su karɓi laima a dama su sa a cikin jakar. Wanda ya ɗan tsaya sai ya ce “au, alƙalami,” ya wuce. Manaja yana tsaye ya harɗe hannu, bai ce komai ba, shirun nasa ya fi maimaita maganarsa ciwo. Ni kuwa har na fara jin kalmomin “yana cikin mitin” suna dawo mini baki. Baba yana kan kujerar roba a baya, jakarsa a cinya, yana kallon mutane hankali kwance.

Daf da hutun rana wani tsoho gajere mai furfura, katinsa na wuya cike da haruffa, ya tsaya ya karanta allona. Ya karanta sau biyu. Ya dube ni.

“Wa ya ce?”

“Ranka ya daɗe?”

“Kin rubuta ba ya gogewa. Wa ya ce? Ina hujja?”

Na buɗe baki zan fara zubo masa zaƙin bakin talla, sai na ji an ja kujera a bayana. Baba ya taso, ya ajiye jakarsa a kan tebur, ya buɗe. Kwalbar sifirit, ƙunshin auduga, bututu dozin biyu, da alƙaluman nan biyar naɗe da sabon salatif, ba komai a jikinsu sai lamba ɗaya zuwa biyar.

“Ranka ya daɗe, kada ka yarda da ita,” ya ce. “'Yar talla ce. Gwada da kanka. Ba zan gaya maka wanne ne namu ba.”

Idon tsohon ya yi wani haske. Ya ajiye jakarsa da laimarsa a ƙasa, ya naɗe hannun riga. Baba ya juyo gare ni ya ce, “Ƙanƙara.” Na duba hagu na duba dama ban ga mazubi ba, na sunkuya na zaro hula biyu daga kwali, na ruga wurin masu sayar da lemo. Na dawo da huluna cike da ƙanƙara suna ɗiga, Manaja ya bi su da kallo, bakinsa a buɗe.

Kafin in dawo mutum huɗu sun tsaya. Masanin kimiyya zai iya wuce kyauta, amma ba zai iya wuce wani yana gwaji ba tare da ya gaya masa ba daidai yake yi ba. Wata ta ce tsohon ya fi danna audugar a kan na biyu. Wani ya ce dole a ƙayyade shafa nawa za a yi, aka yi musu, aka tsaya a kan goma. Wani ya ce a bar tawadar ta bushe na minti ɗaya, ya ciro agogo. Wata matashiyar dakta ta yage murfin kwalin huluna ta zana jadawali, kowa ya gwada ta rubuta sakamakonsa. Ba wanda ya nemi izinina. Sun ƙwace rumfar gaba ɗaya, ni na koma mai ɗebo ƙanƙara, Manaja ya koma mai yago auduga.

Da jadawalin ya kai mutum talatin aka yarda a ɓare salatif. Baba ya ɓare na uku, ya ɗaga shi kusa da ɗaya daga cikin namu. Wallahi tafi aka yi, kamar an ci ƙwallo. Sai hannuwa suka yi ca a kan tebur. Kowa ya ɗauka sai ya ari na maƙwabcinsa ya rubuta sunansa a farin filin, ya rataya a wuya. Masu cewa a ba su biyar don ɗalibansu na ce sai sun rubuta adireshin ɗakin gwajinsu da abin da suke yawan saya a littafinmu. Waɗanda suka ɗebi da yawa suka rasa inda za su zuba, suka fara ɗaukar huluna suna zubawa a ciki. Na tuna Mai Kasida, na ce ashe dai lokacinta ne bai zo ba.

Cikin wannan hayaniya na ji muryar kwamandan sojoji tana cewa a ba ta hanya. Farfesa ce, da mutanenta a baya, har da mai sauron wata uku, wadda ta ɗauki alƙalami ta rungume shi a ƙirji. Farfesa ta ɗauki ɗaya, ba ta ko kalli bakinsa ba. Igiyar ta kama. Ta ja, ƙullin ya cije. Ta juya shi, ta danna da babban yatsa, ya saki. Ta ɗago ta dube ni.

“Wa ya ɗaura wannan?”

Na nuna bayana. Baba yana sunkuye yana matse auduga. Ya ɗago, suka dubi juna ta saman tabarau.

Matar nan da mutum goma sha ɗaya suke rawar jiki in ta yi tari, sai ga ta ta zagayo tebur ta rusuna har ƙasa a gaban babana.

“Malam! Malam, kai ne? Ba ka gane ni ba?”

“Na gane ki mana. Ke ce mai barin murfin kwalba a buɗe.”

Ta fashe da dariya, hawaye na zubo mata. Ta miƙe ta riƙo hannun rigarsa, ta juya ga taron da muryar nan tata da ba ta buƙatar lasifika. Ta ce wannan mutumin shi ya koya mata wanke kwalba, shi ya koya mata rubuta kwanan wata a kan komai, kuma lokacin da firizarsu ta mutu tana tsakiyar digirinta na uku, rubutunsa ne kaɗai ya rage a jikin bututunta, da ba don shi ba da yanzu wani aikin take yi. Sai ga wasu furfurarru biyu sun kutso, su ma ɗalibai ne a ɗakinsa a da. Tsohon da ya ce ina hujja ya miƙa masa hannu biyu. Baba ya tsaya a tsakiyarsu yana ta “haba, haba, ai aikina ne,” yana gyara katin wuyansa da ya karkace. Ni na juya ina ta shirya kwalin da babu komai a ciki, don kada a ga fuskata.

Kwana uku aka shirya taron zai yi, alƙalumanmu a rana ta biyu da hantsi suka ƙare. Littafin adireshi ya cika har muka koma rubutu a bayan allona. Muna kwashe kaya Manaja ya zo ya tsaya kusa da ni, kansa babu hula, don tasa ma wani dakta ya tafi da ita. Ya yi gyaran murya.

“Uwar talla, kin san ni ba na son maimaita magana. Baɗi dubu biyu za mu yi. Kuma tambarin… to, a bar shi yadda yake. Ranar Litinin ki zauna ki bi adireshin nan ɗaya bayan ɗaya. A ofishinki.” Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. “Baɗi dubu biyu, kin ji ko?”

“Na ji, Yallaɓai.”

Ya tafi neman direba. Na zauna a kan kujerar roba, ƙafafuna na zogi, daɗi ya cika ni. Baba ya gama mayar da kwalbar sifirit cikin jakarsa, ya zaro alƙalami mai lamba uku daga aljihu, wanda ya hana kowa.

“Kawo hannunki.”

Na miƙa masa na hagu. Ya riƙe shi kamar yadda yake riƙe ni in za mu tsallaka titi ina ƙarama, ya gyara tabarau, ya rubuta kwanan wata a bayan hannun da ƙananan haruffansa masu tsabta. Ƙarƙashinsa ya rubuta: An gwada, ta yi.

Ranar Litinin na shiga kamfani, wayar bakin ƙofa na ta ƙara, na wuce ta na hau sama. Rubutun yana nan a hannuna raɗau. Mama ta ba ni sabulu iri biyu, ta ce in gwada man girki, na ce mata to. Ban gwada ba.